Bayani: Abubuwan da ke jefa malaman sakandare cikin matsin aiki a Arewacin Najeriya

Ranar 5 ga Oktoba, 2020, a bikin Ranar Malamai ta Duniya a Abuja, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya karanta jawabin Shugaba Muhammadu Buhari mai ɗauke da jerin alkawura: tsarin albashi na musamman ga malaman firamare da sakandare, alawus ga waɗanda aka tura ƙauye, alawus ga malaman kimiyya, gidaje masu sauƙin kuɗi, da ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 65, na aiki kuma daga 35 zuwa 40. Batun ritayar ya zama doka a watan Afrilun 2022. Tsarin albashin kuwa, Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, ta ci gaba da tunatar da gwamnati a kansa a bukukuwan shekarun da suka biyo baya. Ma'ana, an ba malami damar ƙara shekara biyar a cikin aji, ba tare da an taɓa abin da ke sa shi ƙosawa ya bar ajin ba.

Me ake nufi da matsin aiki?

Masanin ilimi ɗan Birtaniya, Chris Kyriacou, wanda ya fara rubutu a kan wannan batu tun ƙarshen shekarun 1970, ya bayyana matsin aikin malami da cewa ɓacin rai ne, ko fargaba, ko takaici, ko ƙuncin zuciya, da wani ɓangare na aikin koyarwa ke haifarwa. Idan abin ya daɗe ba a magance shi ba, yakan kai mutum ga halin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin kundinta na rarrabe cututtuka a 2019 a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki. Alamominsa uku ne: ƙarfin mutum ya ƙare, ya ji aikin ya fita daga ransa, sannan ƙwazonsa ya ragu.

Akwai ra'ayoyi biyu da masu bincike suka fi dogara da su. Robert Karasek, a 1979, ya nuna cewa yawan aiki shi kaɗai bai cika karya mutum ba. Abin da ke karya shi shi ne a ɗora masa nauyi mai yawa alhali ba shi da ta cewa a kan yadda zai sauke shi. Johannes Siegrist, a 1996, ya ƙara da cewa lafiyar ma'aikaci kan taɓu idan wahalar da yake sha ta rinjayi abin da ake saka masa da shi, na kuɗi ne, ko na girmamawa, ko na tabbacin ɗorewar aiki. Ba don malaman Gusau ko Damaturu aka gina waɗannan ra'ayoyi ba, amma duk wanda ya san ɗakin malamai na wata sakandaren jeka-ka-dawo ta gwamnati zai gane su.

Albashi, da wanda ke biyansa

Kafin a yi maganar kuɗi sai an san hannun da ke riƙe da shi, domin ba gwamnati ɗaya ce ke ɗaukar malaman sakandare ba. Tsarin mulkin 1999 ya bar ilimi a hannun tarayya da jihohi tare. Gwamnatin tarayya na riƙe da makarantun haɗin kan ƙasa, waɗanda ɗari da 'yan kai ne kawai. Mafi yawan sakandaren gwamnati na jihohi ne, kuma gwamna ne ke yanke abin da malaminsu zai karɓa. Shi ya sa alkawarin da shugaban ƙasa ya yi a Abuja ba ya zama kuɗi a asusun malamin Birnin Kudu sai gwamnatin jiharsa ta ga dama. Haka aka gani bayan yajin aikin NUT na 2008, lokacin da gwamnoni suka amince da ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari ga malamai: wasu jihohi suka biya, wasu suka biya wani ɓangare, wasu kuma sai da aka shafe shekaru ana kai ruwa rana.

Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a Yulin 2024. A takarda, ci gaba ne. Amma tsakanin ƙarin na biyu da na uku an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 a wurare da yawa cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Malamin da ke zaune a cikin gari yana koyarwa a wajen gari, kuɗin mota ko na man babur ne ke fara cinye albashinsa kafin a zo ga masara da kuɗin haya.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Malami ya tashi daga makaranta ya wuce lesin, ko shago, ko gona, ko ya hau A Daidaita Sahu har dare. Wani ya ci bashin banki a kan albashinsa, kowane wata a zare kason banki kafin sauran ya iso hannunsa. Sana'a ta biyu ba abin kunya ba ce, sai dai lokacin da take ci shi ne lokacin shirya darasin gobe da duba aikin ɗalibai. Malamin ya fi kowa sanin haka, kuma wannan sanin ma wani nauyi ne a zuciya.

Ga kuma fargabar bayan ritaya. Lokacin da sabuwar gwamnati ta hau a Kano a 2023, ta ce ta gaji bashin garatuti da haƙƙin ma'aikatan da suka rasu na kimanin naira biliyan 48. Malami mai shekara 45 da ke ganin tsohon shugaban makarantarsa yana zarya a ofishin fansho ya riga ya hango inda shi ma ya dosa.

Malaman makarantun kuɗi suna da tasu damuwar, wadda ba a cika jin ta ba domin yawancinsu ba su da ƙungiya. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantun unguwa da yawa suna cikin wannan rukuni. A wasunsu ba a biyan albashin watannin hutu, sallama kuma magana ce ta baki.

Aji ɗaya, kai ɗari

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce kada ɗalibai su wuce 40 a gaban malami ɗaya a babbar sakandare. A manyan makarantun gwamnati na Kano da Kaduna da Maiduguri, ajin da ya ninka wannan adadi ba baƙon abu ba ne. Dalilan a bayyane suke: yawan haihuwa, ƙaura daga ƙauyukan da rikici ya tarwatsa zuwa birane, da manufofin ilimi kyauta irin wadda Kano ta ƙaddamar a 2019. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 domin jihohi bakwai, ciki har da Borno da Kaduna da Kano da Katsina da Kebbi, an tsara shi ne domin ƙara yawan 'yan matan da ke shiga sakandare. Duk waɗannan abubuwan alheri ne. Matsalar ita ce buɗe ƙofar makaranta ya fi ɗaukar malami sauƙi da farin jini a siyasa: gini ana yanka masa kyalle a ɗauki hoto, albashin malami kuwa nauyi ne na shekara 35 ko 40. Da yake ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Yunin 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf da kansa ya ce sama da ɗalibai miliyan 4.7 ne ke zama a ƙasa a makarantun jihar.

Lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna nauyin. A ɗauki malamar Turanci da aka ba azuzuwa biyar, kowanne da ɗalibai 90. Idan ta ba su rubutun insha'i sau ɗaya, takardu 450 ne. Idan ta ba kowace takarda minti uku kacal, ta ci awa 22 da rabi, kuma ba a cikin lokacin aiki ba, domin lokacin aiki tana tsaye a gaban allo. Zaɓinta biyu ne: ta hana kanta barci, ko ta daina ba da insha'i. Yawanci na biyun ake zaɓa, daga baya kuma a zo ana mamakin yadda ɗalibi ya gama aji shida bai iya rubuta wasiƙa ba.

Ƙarancin malamai ya fi tsanani a lissafi da Turanci da darussan kimiyya, musamman a karkara. Sai a miƙa wa wanda ya karanta tarihi darasin tattalin arziki, ko wanda ya karanta aikin gona darasin kimiyyar sinadarai, ya kwana yana haddar abin da zai faɗa da safe, yana addu'ar kada wani yaro mai kaifin basira ya yi masa tambaya. Sauran giɓin ana cike shi da masu yi wa ƙasa hidima, da 'yan sa-kai da ƙungiyar iyaye da malamai ke ba ɗan abin sabulu, da matasan N-Power a lokacin da shirin ke tafiya. Masu hidimar ƙasa shekara ɗaya suke yi su tafi, malamin dindindin ya gaji azuzuwansu a tsakiyar manhaja. Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce: rahoton UNESCO na 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara.

Akwai wani nauyin da ba ya fitowa a ƙididdiga. Yara da yawa na shigowa aji ɗaya na ƙaramar sakandare ba su iya karanta jimla cikakkiya ba, da Hausa ko da Turanci. Manhaja ta ɗauka sun iya, littafi da Turanci yake, jarrabawa ma haka. Malami sai ya koyar da darasi sau biyu: ya rubuta da Turanci domin mai duba aiki, ya fassara da Hausa domin a gane. Idan sakamako ya fito da muni, shi ake tuhuma, ba wanda ya miƙo masa yaran a haka ba.

Lokacin jarrabawa

Daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin WAEC da NECO, matsin kan sauya kama. Ana auna shugaban makaranta da yawan waɗanda suka ci, mai makarantar kuɗi kuma da sakamakon yake tallar makarantarsa. Daga nan ake fara yi wa malami raɗa cewa ya «taimaka» wa yara. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi ɗauri ga malami ko mai sa ido da aka kama, hukumomin jarrabawa kuma kan soke cibiya ko su haramta wa mai sa ido aiki. Idan ya ƙi, ya zama mugu a idon iyaye da ɗalibai, wani lokaci har da abokan aiki. A makarantar kuɗi yana iya rasa aikinsa. Gaba kura, baya sayaki. Wannan na cikin abubuwan da malamai ba sa son faɗa da sunansu, shi ya sa ba a cika jin sa a taron manema labarai na ƙungiya ba.

Kuskuren hukuma ma a kan malami yake sauka. A ƙarshen Mayun 2025, jinkirin kai takardun Turanci na WAEC ya sa ɗalibai a jihohi da dama suka rubuta jarrabawa cikin dare da hasken tocila da na waya. Hukumar ta ba da haƙuri, ta ce ƙoƙarin daƙile fitar tambayoyi ne ya jawo. Waɗanda suka tsaya da yaran har dare, suka amsa kiran iyaye, suka nemi hanyar mayar da 'yan mata gida, malamai ne.

Tsoron mutuwa a bakin aiki

Nan ne halin malamin Arewa ya bambanta da abin da littattafan Turai ke kira matsin aiki. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2016 ya ce aƙalla malamai 611 aka kashe da gangan a rikicin Boko Haram tsakanin 2009 da 2015, wasu 19,000 kuma suka tsere daga wuraren aikinsu. An kai hari sakandaren Mamudo a Yobe a Yulin 2013, da Kwalejin Tarayya ta Buni Yadi a Fabrairun 2014, kafin sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun wannan shekara. A lokacin, ɗaukar alli kaɗai ya isa a yi wa mutum alama.

Daga Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, abin ya koma Arewa maso Yamma, ya kuma zama na neman kuɗin fansa. Harin Kwalejin Kimiyya ta Kagara a Jihar Neja, a Fabrairun 2021, ya cancanci a tsaya a kansa: cikin mutum 42 da aka sace, 27 ne ɗalibai, uku ma'aikata, 12 kuwa iyalan ma'aikata ne. Gidan malamai da ke cikin makarantar kwana, wanda a da alfarma ce a samu, ya zama tarko ga mata da 'ya'yan malami. A Birnin Yauri, a Yunin 2021, an haɗa da malamai cikin waɗanda aka kora daji. A Kuriga, a Maris ɗin 2024, yara 137 sun dawo, malamin da aka tafi da shi tare da su bai dawo ba. Gwamnatin Kaduna ta ce ya rasu a hannun maharan. A Maga ta Jihar Kebbi, a Nuwambar 2025, an harbe mataimakin shugaban makarantar 'yan mata kafin a tafi da ɗalibai 25.

Najeriya ta ƙaddamar da Shirin Kare Makarantu a 2014, a ƙarshen 2022 kuma ta fitar da tsarin kashe naira biliyan 144.8 a kansa daga 2023 zuwa 2026. Hare-haren Kuriga da Maga duk a cikin wa'adin tsarin suka faru. Bayan kowane hari, hankalin jama'a kan koma kan ɗalibai, kuma hakan daidai ne. Amma malamin da ya tsira yakan koma aji ne da abin da ya gani a ransa, ko a haɗe makarantarsa da wata a cikin gari, cunkoso ya ninku. Wanda aka tura ƙaramar hukumar da hanyarta ba ta biyuwa kuma, ko ya tafi da ransa a hannu, ko ya ƙi zuwa a tsayar masa da albashi.

Ofis da takardu

Ba duk matsi ne ke zuwa da bindiga ba. Akwai ƙarin girman da ake bayarwa a takarda kuɗinsa bai biyo ba sai bayan shekaru. Akwai aikin tantance ma'aikata, wanda ake yi domin kama na bogi, amma na gaskiya ne ke bin layi a rana da takardunsa, wani lokaci sunansa ya faɗo daga jerin masu albashi saboda kuskuren wani. Akwai canjin wurin aiki, wanda mai uwa a gindin murhu ke juya shi yadda yake so, marar gata kuma ya tsinci kansa nesa da iyalinsa. Ga malama mai aure da ƙananan yara, wannan kaɗai kan sa ta ajiye aikin.

Abin da ya faru a Kaduna ya bar tabo a zukatan malamai har a wajen jihar. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta ce malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi jarrabawar gwaji, ta sallame su. A 2022 aka sake sallamar 2,357, ciki har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba, wanda bai zauna jarrabawar ba. Malaman firamare abin ya shafa, kuma babu mai hankalin da zai ce a bar wanda bai iya ba yana koyar da 'ya'yan talakawa. Sai dai saƙon da sauran malamai suka ɗauka shi ne aikin shekara 20 na iya ƙarewa da takardar gwaji guda, alhali ba a taɓa gwada wanda ya ɗauke su aikin ba.

Sauye-sauyen manufa ma haka suke sauka daga sama. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da yaran firamare da harshen uwa, a Nuwambar 2025 aka soke manufar. Ana sauya manhaja, umarni ya riga littattafai da horo isowa. Wannan shi ne ainihin abin da Karasek ya bayyana: nauyi a kan malami, shawara a hannun wani.

Martabar da ta zube

Sir Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, haka ma Alhaji Shehu Shagari. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shugabanci Midil ta Bauchi, inda Malam Aminu Kano ya koyar kafin a mayar da shi Maru, kuma shi ne ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. Siyasar Arewa ta zamani daga ɗakin malamai ta fito. Yau kuwa kwalejin ilimi ta zama inda ɗalibi ke zuwa idan jami'a ta ƙi shi, koyarwa kuma aikin da ake riƙewa kafin a samu na kwastan ko na banki. An kafa hukumar rajistar malamai, TRCN, tun 1993 domin koyarwa ta zama sana'a mai ƙa'ida kamar likitanci da lauyanci, amma lasisi bai sauya yadda mai gidan haya ko surukai ke kallon malamin makaranta ba. Maganar nan da ake yi cewa ladan malami sai a lahira, da wasa ake faɗarta, malamai kuwa sun daɗe da daina dariya. A cikin aji ma ana jin sauyin: ɗalibin da ke ganin wanda bai gama makaranta ba ya fi malaminsa rufin asiri, da wuya ya yarda cewa karatu ne mafita, kuma an sha samun iyayen da ke zuwa makaranta da faɗa, wani lokaci da 'yan sanda, saboda an hukunta ɗansu.

Abin da yake yi wa jiki, da abin da doka ta ce

Binciken likitoci ya daɗe da danganta matsin aiki mai tsawo da hawan jini, rashin barci, ciwon zuciya da ciwon damuwa. Malamai suna da nasu ƙarin: dushewar murya saboda ɗaga ta a kan kai ɗari, ƙurar alli, da tsayuwa ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ba kasafai malami zai ce yana da damuwa ba. Zai ce jiki ne ba daɗi, ko zazzaɓi. A makaranta abin kan fito ta wasu hanyoyi: fashin aiki, ba wa ɗalibi littafi ya kwafa a allo, saurin fushi, da bulalar da ta wuce laifin.

Akwai dokar da ta shafi wannan, ko da yake ba a cika ambatonta ba. Sashe na 8 na Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ya amince cewa matsin ƙwaƙwalwa na iya zama abin biyan diyya, idan ya biyo bayan wani mummunan abu da ya auku kwatsam a bakin aiki, ko idan likitan da aka amince da shi ya tabbatar cewa yanayin aikin ne ya haifar da shi. Sashen ya kuma haɗa da halin da mai ba da aiki ya sauya aikin ta yadda ya fi ƙarfin ma'aikaci ba bisa adalci ba. Malamin da aka sace a makaranta, ko wanda aka ninka wa azuzuwa, yana da hujjar da zai kafa da wannan sashe. Sharaɗin shi ne mai ba da aiki, ciki har da gwamnatin jiha, ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, kuma hukumar ta sha kokawa cewa jihohi da yawa ba su shiga ba. Sharaɗi na biyu shi ne likita. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ce mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Malamin da ke Maru ko Gwoza, kafin ya ga irin wannan likita, yawanci sai ya nemi izinin shugaban makaranta, ya bar azuzuwansa ba kowa, ya biya kuɗin mota zuwa babban asibiti irin na Kware, ko Kaduna, ko Maiduguri.